Tambaya da Amsa: Akwatin kakar matata 'yar Ayilan, me ke cikinsa na gado?

Tambaya: Malama, ni Bakano ne mazaunin Galway a ƙasar Ayilan, matata 'yar nan ce. Kakarta ta rasu ta bar akwati, a ciki akwai rigar sanyi ta ulu mai zanen igiya, da leshi irin na wuyan riga, da wani gicciye na busasshiyar ciyawa. Dangi sun ce zanen rigar na zuriyarsu ne, da shi ake gane masunci idan teku ta cinye shi. Gaskiya ne? Kuma yaya za mu adana kayan, mu nuna wa yaranmu wannan ɓangare na asalinsu?

Amsa: Malam, Allah ya ba uwargida haƙuri. Zan fara da rigar, domin a nan ne labari ya fi gaskiya yawa.

Irin wannan riga ana kiranta Aran, sunan tsibirai uku da ke bakin gaɓar Galway, kusa da kai. Batun cewa kowace zuriya na da zanenta ba shi da tushe a tarihi. Irin rigar kanta ba tsohuwa ba ce: a farkon ƙarni na 20 ta bayyana a siffar da aka sani, bayan wata hukumar gwamnati da aka kafa a 1891 don taimakon yankunan talakawa ta ƙarfafa saƙa a matsayin sana'a. Zancen gane gawa kuwa ana danganta shi da wasan kwaikwayon J. M. Synge na 1904 mai suna Riders to the Sea, inda yarinya ta gane ɗan'uwanta da ya nutse ta safar da ta saƙa masa, saboda ta tuna ta tsallake ɗinki huɗu. Safa ce, ba riga ba, kuma kuskuren hannu ne, ba tambarin gida ba. Daga baya wani ɗan kasuwar zare, Heinz Kiewe, ya bi zane-zanen yana liƙa musu ma'anoni na addini da na zamanin da, masu shaguna kuma suka ga abin yana jawo ciniki. Da mawaƙan Clancy Brothers suka fito a talabijin ɗin Amurka sanye da ita a 1961, sai kasuwa ta buɗe gaba ɗaya.

Amma kada ka je gaban surukai ka ƙaryata su, ba a haka. Mai saƙa takan koya daga uwarta ko maƙwabciya, ta riƙe haɗin zanen da hannunta ya saba da shi, har mutanen ƙauye su gane aikinta daga nesa. Idan kaka ce ta saƙa rigar, to ta gidan ce ta wannan fuska, kuma wannan ya fi takardar shaidar zuriya da ake haɗawa da riga a shagunan 'yan yawon buɗe ido. Juya cikinta ka duba. Aikin hannu ba ya daidaita ɗari bisa ɗari, za ka ga inda zare ya ɗan saki da inda aka cusa bakin ulu da allura. Tsohon ulu da ba a rina ba launinsa kamar na madara ne, yana da kauri da ɗan kaushi.

Ni a wurina leshin ne ya fi nauyi a akwatin nan. Tsakanin 1845 da 1852 cuta ta lalata dankalin turawa, abincin talakan Ayilan, mutum kusan miliyan ɗaya suka mutu, kusan wani miliyan suka yi hijira. A cikin wannan yunwa sistoci da matan limaman coci suka riƙa koya wa mata da 'yan mata saƙar kwarashi don su sami na abinci, wasu ma da kuɗin leshi suka biya jirgin ruwa zuwa Amurka. A garin Clones, Cassandra Hand ce ta jagoranci aikin. Yadda ake yi, sai a saƙa furanni da ganyaye ɗaya-ɗaya da siririn zaren auduga, a nannaɗe su kan zare mai kauri don su taso, sannan a jera su kan ƙyalle a haɗe da raga. Gida kan ƙware a fure guda ya ɓoye sirrinsa. Wato idan ana neman zanen gida na haƙiƙa, a leshi ya fi samuwa.

Idan kuwa naku siririn yadi ne da aka ɗora kan raga, aka bi zanen da zare, aka yanke sauran yadin da almakashi, bakinsa da 'yan madaukai, wannan leshin garin Carrickmacross ne, wanda ya fara tun shekarun 1820. Akwai shi a rigar auren Gimbiya Diana ta 1981. Kuma ga abin da zai ba ka mamaki a matsayinka na Bakano: sistocin St Louis ne suka farfaɗo da wannan leshi a ƙarshen ƙarni na 19, kuma ƙungiyarsu ce ta iso Kano a 1948, makarantar St Louis da ka sani tasu ce.

Gicciyen ciyawa na Waliyiya Brigid ne. Ana saƙa shi da ɗanyar ciyawar fadama a daren 31 ga Janairu, a rataye bisa ƙofa ranar 1 ga Fabrairu da niyyar kare gida daga gobara. Tun 2023 an mai da bikin ranar hutu a ƙasar. Wannan abu ne na addinin Kirista, saboda haka matsayinsa a gidanku shawara ce tsakaninka da matarka. Ko ba ku rataye ba, ana iya ajiye na kaka a cikin kwali don tunawa da ita, domin yana karyewa da ɗan taɓawa.

Wajen adanawa, abokan gābarku biyu ne, asu da laimar Ayilan. Kada a rataye rigar, nauyinta zai ja kafaɗun su lalace. A wanke ta da hannu a ruwa mai sanyi da sabulun ulu, ba murzawa ba matsewa, a naɗe ta cikin tawul ya tsotse ruwan, a shimfiɗa ta bushe a inuwa. Leshi kuma ba sitaci, ba bilic, ba leda. A shimfiɗa shi cikin farin ƙyallen auduga wankakke, nesa da rana. Idan ya fara ruɓewa, ku bar wankin, ku nemi masu gyaran tsofaffin tufafi.

Yara kuwa ba sa koyon gado ta kallon akwati. Ku fara da kicin. Burodin gargajiyarsu abu huɗu ne kacal: fulawa, gishiri, sodar girki da madara mai tsami irin tsalar nono, ba yis, ba jiran kumburi, a tsaga samansa gida huɗu da wuƙa a gasa. Yaro ɗan shekara shida zai iya kwaɓawa. A ƙarshen Oktoba akwai burodin zabibi da ake ɓoye zobe a ciki. Idan akwai gwaggo ko inna da ta iya saƙa, a kai mata yaran da ulu da allura tun tana da ƙarfin ido. Gidan tarihin rayuwar karkara da ke kusa da garin Castlebar a yankin Mayo ma bai yi muku nisa ba, kuma shiga kyauta ne.

Sai abu ɗaya da zan so ka yi a wannan makon. Tsakanin 1937 da 1939 hukumar tattara al'adun gargajiya ta Ayilan ta sa 'yan firamare fiye da 50,000 suka rubuta abin da suka ji daga iyaye da kakanni: sana'o'i, magunguna, bukukuwa, labarin yunwa. Littattafan suna intanet a shafin Dúchas, ana nema da sunan makaranta ko na ɗalibi. Ka tambayi surukarka sunan kaka na gidan ubanta da ƙauyen da ta yi firamare. Idan an haife ta wajen 1925, tana cikin tsarar da ta yi wannan rubutu.