Makhaya Ntini: Ina Jarumta a Jifan Ƙwallo?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Samaru. Abokin ɗakina ya taɓa zama a Afirka ta Kudu, ya manna hoton wani tsohon ɗan wasan kurket, Makhaya Ntini, a bango, wai a can ana girmama shi kamar yadda muke girmama Rashidi Yekini. Na kalli bidiyonsa, mutum ne kawai ke sheƙowa da gudu ya jefa ƙwallo. Ina jarumtar take, ga shi ma ya daɗe da ajiye wasa?

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗana. Ka ce "kawai", to bari mu fara auna wannan kawai ɗin. Ni na ɗan taɓa kurket a makarantar kwana, a zamanin da burbushinsa bai gama ɓacewa daga Zariya ba. Tun a Kwalejin Katsina, wadda ta zauna a nan garin a 1949 daga baya ta zama Barewa, ake koya wa yara shi tare da wasan fives da Sardauna ya shahara da shi. Abin da hannuna bai manta ba shi ne ƙwallon: curin ɓawon itace ne a naɗe da fata, nauyinta kusan giram 160, in ta sauka a yatsa sai an nemi mai ɗori.

Tsakanin mai jifa da mai riƙe da sandar bugu yadi 22 ne. Mai jifan gudu irin Ntini yana sakin ƙwallon da saurin kilomita 140 a sa'a, wato mai bugu yana da kamar rabin daƙiƙa ya gane inda za ta dira, ya ta da sanda, ya kare sandunan nan uku da ke bayansa, ya kuma kare haƙarƙarinsa. Doka ta hana mai jifa lanƙwasa gwiwar hannu ya miƙe ta yadda kake jifan mangwaro, sai dai ya wulwulo hannun a miƙe ta saman kai, don haka ƙarfin daga gudu da tsalle da ƙugu yake fitowa. Kowane jifa, ƙafar gaba tana dukan ƙasa da ninkin nauyin jikinsa sau da yawa. A babban wasa na kwana biyar, wanda suke kira Test, yana iya yin haka fiye da sau 100 a wuni ɗaya, gobe ya tashi ya sake. Shi ya sa masu wannan aiki ba sa tsufa a fili: ko baya ya tsage, ko gwiwa ta tafi. Ntini ya buga irin wannan wasa har 101, ya fitar da masu bugu 390. Lokacin da ya ajiye, Shaun Pollock ne kaɗai ya fi shi a ƙasarsu, da 421.

Amma lissafi ba shi ya sa abokinka ya manna hoton ba. An haifi Ntini a 1977 a ƙauyen Mdingi da ke Gabashin Cape, ɗan ƙabilar Xhosa, kuma kiwon shanu ya tashi yana yi. Duk wanda ya ga yaran da ke bin garke ta wajen Shika da Giwa tun hantsi har faɗuwar rana, ya san inda mutumin ya samo huhunsa. Yana da kimanin shekara 15 wani mai zagayen neman yara masu baiwa, Raymond Booi, ya ga jifansa, daga nan aka kai shi makarantar Dale College. Ko salon jifansa daga talauci ya fito: a kan daɓen siminti ya koya, takalmi mai ƙusoshi yana zamewa a kai, sai ya saba da yin tsalle ya karkace can gefe kafin ya saki ƙwallo. Masu koyarwa sun ɗauke shi aibi. Da wannan aibin ya riƙa turo ƙwallo ta kusurwar da masu bugu ba su saba da ita ba.

Sai ka san ƙasar da ya taso a ciki. Tun a 1894 akwai wani gwanin jifan gudu, Krom Hendricks, da aka hana tafiya Ingila da tawagar ƙasar saboda launin fatarsa. Wariyar ta yi ta tsananta har duniya ta daina wasa da su daga 1970 zuwa 1991. Ko bayan an dawo da su, an ga 'yan ruwa-biyu irin su Omar Henry da Paul Adams a tawagar, amma baƙar fata ɗan asalin Afirka, daga cikin mutanen da su ne mafi rinjaye a ƙasar, babu ko ɗaya da ya buga Test sai a watan Maris 1998, ranar da Ntini ya fito a Cape Town a kan Sri Lanka yana ɗan shekara 20.

A ganina, zama na farko ba shi ne abin yabon ba, don wani lokaci siyasa ce ke buɗe wa na farko ƙofa. Ai kuwa an yi ta raɗe-raɗin cewa cike gurbi aka yi da shi don a faranta wa gwamnatin Mandela. Abin yabon shi ne yadda ya rufe bakin masu faɗin haka. A 2003, a filin Lord's na Landan, wanda 'yan kurket ke ɗauka gidan wasan ne, ya fitar da Turawan Ingila 10 a wasa ɗaya, ɗan Afirka ta Kudu na farko da ya yi hakan a wurin, ya durƙusa ya sumbaci ƙasar filin. A 2005 a Port of Spain da ke Trinidad ya fitar da 13 a wasa ɗaya a kan West Indies, tawagar yankin Karebiyan, an ci masa maki 132 kacal. Wanda aka sa don cike gurbi ba ya shekara 11 ana miƙa masa sabuwar ƙwallo ya buɗe wasa.

Ba waliyyi nake sayar maka ba. A 1999 kotu ta same shi da laifin fyaɗe, aka cire shi daga tawaga, sannan kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a cikin shekarar, ya koma wasa. Wannan yana cikin tarihinsa, kuma wanda zai ba ka labarinsa ya tsallake shi bai yi maka adalci ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai sai a 2020 ya fito. Shekara da shekaru 'yan jarida suna yaba shi cewa ba ya shiga motar tawaga, da gudu yake zuwa fili daga masauki, da gudu yake komawa, ana cewa tsabar son motsa jiki ne. Sai ya faɗa wa gidan talabijin ɗin ƙasarsu cewa kaɗaici yake gudu: in ya zauna a bayan mota abokan wasa su taru a gaba, ana shirya fita cin abincin dare a gabansa ba mai ce masa taho. Ka tuna mutumin nan shi ne mai yawan dariya da waƙa a fili, wanda 'yan kallo suka fi so. Yana ɗauke da wannan a ciki yake cin musu wasa. Wasu tsofaffin abokansa sun ce ba su lura ba, ni kuwa ban yi mamaki ba, wanda ke cikin taro ba ya ganin wanda aka bari a waje.

Ya yi bankwana a watan Janairu 2011 a Durban, a wasa da Indiya, daga baya ya horar da tawagar Zimbabwe, ɗansa Thando ma jifan gudu yake yi. Yau jagoran masu jifan ƙasar baƙar fata ne, Kagiso Rabada, wanda masu bugun da ya fitar a Test suka haye 300 a 2024, kuma ba ka jin ana tambayar ko cancanta ce ta kawo shi. In za ka sake kallon bidiyo, nemi na Lord's ɗin nan, ka bar kallon hannun Ntini, ka dubi ƙafafun mai bugu yadda suke ja da baya.