Mota na hannuna, inshora da sunan tsohon mijina

Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Don Allah ki ɓoye sunana. Ni malamar makaranta ce nan Mabera cikin Sakkwato, ɗiyana ukku, aurenmu ya mutu bara na gama idda ina gidanmu. Akwai Corolla da baban yara ya sai min sadda na haifi autata, gaban kowa ya miƙa min makulli yace kyauta ce, amma takardu duk da sunanshi anka yi su har da inshora, kuma babbar ce ya yi wadda ake ce ma komfrihensib, ko bayan rabuwar bai ce in maido ba ni ma ban tada zancen ba.

Satin da ya wuce ina dawowa aiki wajen randabawul ɗin Gidan Dare mai keke napep ya shigo min, garin kauce mishi na daki bayan motar wani bawan Allah. Alhamdulillahi ba wanda ya ji ciwo amma gaban motata ya lotse, lagireto ya fashe, shi kuma but ɗinshi da fitilu sun tashi aiki. Mutumen ya yi haƙuri amma yace gyara dai dole. Na kira lambar da ke jikin takardar inshorar sunka ce ba su san ni ba, mai sunan za shi kira su. Na tura ma baban yara saƙo ya karanta ya yi shiru, sai ga ƙanwarshi ta kira ni wai in ina son ya sa baki in maido motar. Anti albashina ba zai gyara mota biyu ba wallahi, kuma da motar nan nake kai ɗiyanshi makaranta. Ƙawata tace in sa yayana ya kira kamfanin yace shi ne mijin. Mi zan yi?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu, Allah ya ƙara tsarewa, na ji daɗi da ba a rasa rai ba.

Shawarar ƙawarki ki watsar da ita tun yanzu. Zamba ce, ranar da kamfanin ya gane ba za su biya ko sisi ba kuma yayanki zai iya kwana hannun 'yan sanda kan abin da bai shafe shi ba.

Kamfanin ba wulaƙanta ki sunka yi ba. Inshora yarjejeniya ce tsakaninsu da wanda sunanshi ke kan takarda, saki bai soke ta ba amma kuma bai maida ta taki ba. Ki fara duba ko wa'adinta bai cika ba, ki danna *565*11# a wayarki ki sa lambar motar ki ga ko tana cikin rajistar kamfanonin inshora ta NIID, don ta jabu ta yi yawa. Sannan ki karanta wurin da anka rubuta waɗanda za su iya tuƙa motar, galibi mai inshorar ne da duk wanda ya tuƙa da izininshi in lasisinshi na da rai. Ina fata naki bai mutu ba.

Ga inda gizo ke saƙar, kuma ba zan ɓoye miki ba. Mutum na yin inshorar abin da ya mallaka ne. In motar ta zama taki ta hanyar kyauta kuma ba a taɓa sanar da kamfanin ba, suna iya kafewa su ce ba za su gyara taki ba tunda mai inshorar ba shi ne mai motar ba. Duk da haka gaskiya za ki faɗa musu, yadda anka ba ki ita da yadda kike tuƙa ta da saninshi, kar tsoro ya sa ki rubuta cewa motarshi ce ya ara miki, gobe da wannan takardar za a karɓe ta hannunki. Ɓangaren mutumen da kika daka kuwa yana cikin komfrihensib, kuma tun 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta ɗaga abin da ake biya na ɓarnar dukiyar wani zuwa naira miliyan 3 ga motar gida, to a nan za ki fi dagewa.

Ki daina tura ma baban yara saƙo. Yayanki ko kawunki ya je wurinshi ko wurin wani babba da yake jin nauyi, abu guda za a nema, ya sanar da kamfanin a rubuce ya sa hannu kan fom. A gaya mishi cikin mutunci cewa sunanshi ne kan takardun, in mutumen nan ya gaji ya kai ƙara sunanshi zai fara fitowa. A yi cikin satin nan don jinkirin sanarwa kaɗai na iya sa a ƙi biya. Ke kuma ki karɓo rahoton 'yan sanda, ki ɗauki hotunan motocin biyu, makaniki ya rubuta miki kiyasin kuɗin gyara, kar fanel bita ya taɓa ko ɗaya kafin mutumen kamfanin ya zo ya gani, kar kuma ki rubuta ma mai motar alƙawarin biya ke kaɗai. In an cika komi sunka ƙi ba hujja, a kai ƙorafi NAICOM.

Zancen ƙanwarshi ya ɓata min rai gaskiya, ganin kina cikin tsaka mai wuya ne ake son a matse ki. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, kyautar da miji ya yi wa matarshi ta karɓa ta riƙe ba ya da ikon janye ta. Ki tuna waɗanda ke wurin ranar da ya ba ki makulli, in ta kai ga alƙali su ne shaidunki. Amma ki bari ƙurar hatsarin ta lafa tukun.

Da an gama, a yi canjin mallaka takardu su koma sunanki, ki yanki inshorarki. Ƙaramar, wadda ke biyan ɓarnar da kika yi ma wani kaɗai, naira 15,000 ce a shekara, babbar ba ta kasa kashi 5 cikin 100 na darajar motar, in kuma zuciyarki ba ta kwanta da inshorar da anka saba ba akwai takaful, wato inshorar Musulunci. Kar ki hau titi babu ko ɗaya, tun 1 ga Fabrairun 2025 'yan sanda ke tsare mutane a kanta. Ki rubuto min abin da yayanki ya jiyo.