Amsa: PostgreSQL ta ƙi tashi bayan ƙara shared_buffers

Malam, ka ce ka ɗaga shared_buffers (ƙwaƙwalwar haɗaka ta riƙe bayanai na ɗan lokaci) zuwa 8GB a manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL 9.2, sai ta ƙi tashi tana kawo saƙon kuskure na shmget (hanyar neman ƙwaƙwalwar haɗaka daga Linux) da "Invalid argument". Matsalar daga kernel ɗin Linux (zuciyar tsarin) take, domin a tsofaffin siga iyakar kernel.shmmax 32MB ce kacal, wato girman yanki ɗaya na ƙwaƙwalwar haɗaka da zai yarda ya bayar. Buɗe /etc/sysctl.conf ka rubuta kernel.shmmax = 9663676416, wato 9GB, saboda PostgreSQL na buƙatar ɗan ƙari a kan 8GB ɗin. Ƙarƙashinsa ka sa kernel.shmall = 2359296, wato iyakar jimillar ƙwaƙwalwar haɗaka, ka buga sysctl -p don saitin ya fara aiki, sannan ka sake tayar da PostgreSQL.

Kar ka tsallake shmall ɗin nan, don shi ya taɓa cin mini dare guda. Shi da shafi ake ƙirga shi, kowane shafi bayit 4096, kuma tsohuwar iyakarsa 2097152 ce, daidai 8GB. Ni shmmax kaɗai na gyara, sai saƙon ya koma "No space left on device". Na yi ta share fayiloli ina zaton faifai ne ya cika, ashe jimillar ƙwaƙwalwar haɗaka ce ta kai bango. Ka duba ipcs -lm ka ga abin da kernel ya amince da shi yanzu. In kuma za ka iya hawa siga 9.3 ko sama, yi hakan, tun 2013 PostgreSQL ta koma amfani da mmap, wata hanyar daban ta neman ƙwaƙwalwa, ɗan yanki ƙalilan kawai take nema ta tsohuwar hanyar shmget.