Hukuncin Tafiya Hutu Ƙasar Waje Da Iyaye Da 'Ya'ya Da Jikoki

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara wa rayuwa albarka. Mu shida ne a wurin mahaifinmu, maza huɗu da mata biyu, kuma ni ne babba. Mun yi shawarar mu ɗauki mahaifanmu, waɗanda duk sun manyanta, tare da iyalanmu, mu tafi hutun kwana 10 a ƙasar waje, kuma idan aka haɗa kowa mun kai mutum 26. Wasu na son Turkiyya ko Malesiya, wasu na son wata ƙasa a Turai. Ni aka ɗora wa nauyin shirya komai da riƙe kuɗin. Ɗaya daga cikin ƙannena bai sauke farali ba, wani kuma ba shi da ƙarfin biyan kasonsa har yana maganar cin bashi, sannan muna tunanin kama gida guda babba mu zauna tare. Shin wannan tafiya ta halatta? Kuma yaya za mu yi da salla?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ɗan'uwa mai tambaya, tafiya domin hutawa da buɗe ido a asalinta halal ce, matuƙar ba saɓon Allah aka nufa da ita ba. Allah Maɗaukaki ya umarce mu a aya ta 20 ta Suratul Ankabut da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ya fari halitta. Idan kuma aka haɗa da niyyar faranta wa iyaye rai da sada zumunci, to halal ɗin ta zama abin neman lada, kuma ina fatan taku ta kasance haka.

Game da ƙasar da za a je, malamai sun yi saɓani a kan zuwa ƙasar da ba ta Musulmi ba domin yawon buɗe ido kawai. Shaikh Ibn Usaimin, Allah ya jiƙansa, ya gindaya sharuɗɗa uku: mutum ya kasance yana da ilimin da zai kare shi daga shubuha, da addinin da zai hana shi bin sha'awa, da kuma buƙatar da ta kai shi, kuma bai ɗauki yawon buɗe ido a matsayin buƙata ba. Wasu malaman sun halatta ga wanda zai iya bayyana addininsa kuma ya aminta daga fitina. Ni abin da nake gani a halinku shi ne, tunda kuna ɗauke da yara da matasa, kuma zaɓin ƙasar Musulmi yana hannunku, to ita ce ta fi, domin za ku ji kiran salla, ku sami masallaci kusa, ku ci nama ba tare da ɗar-ɗar ba. Sai dai sunan ƙasa kaɗai ba ya wadatarwa, domin a ƙasar Musulmi ma akwai otal da bakin teku da bai dace a kai iyali ba, don haka a binciki unguwar da masaukin tun kafin a biya kuɗi.

Abin da na fi son ka riƙe a duk wannan amsa shi ne, tafiyar da ta haɗa tsoho da jinjiri ana auna ta ne da mafi rauni a cikinta. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci liman ya sauƙaƙa salla saboda a bayansa akwai mai rauni da marar lafiya da tsoho, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito, kuma lokacin da ya naɗa Usmanu ɗan Abil As limamin mutanensa ya ce masa ya yi la'akari da mafi rauninsu. Idan haka ake yi a salla, wadda ita ce ginshiƙin addini, to yawon shaƙatawa ya fi cancanta a yi masa haka. Sau da yawa 'ya'ya kan ce domin iyaye suka shirya tafiya, alhali tsarin gaba ɗaya an yi shi ne da ƙarfin matasa: jirgin tsakar dare, jiran awanni a wani filin jirgin kafin a canza, hawa da sauka daga safiya har dare, dattijo kuma ya yi shiru saboda kunya ko don kada ya ɓata wa jikoki murna. Wannan ba biyayya ba ce. Manzon Allah ya ce tafiya wani yanki ne na azaba, tana hana mutum abincinsa da abin shansa da barcinsa, kuma tsoho ya fi kowa jin wannan azabar. Saboda haka ka tambayi mahaifanku a keɓe, kowanne shi kaɗai, ko da gaske suna son tafiyar, ka nemi shawarar likitansu, a tanadi magungunansu da keken guragu idan da buƙata, a kuma sa wanda zai kula da su ta hanyar karɓa-karɓa, kada a jibge wa mace guda hidimar sauran kuma su fita yawo. Idan likita amintacce ya ce tafiyar za ta cutar da ɗayansu, to bai halatta a matsa masa ba, kuma bai dace a tafi a bar shi ba tare da mai kula da shi ba.

Ƙaninka marar hali shi ma yana cikin masu rauni. Idan bashin da yake nufi mai ruwa ne, to haramun ne babu saɓani, kuma babu wata larura a hutu da za ta halatta riba. Idan bashi ne marar ruwa, ya halatta ga wanda yake da hanyar biya, amma ba na son sa ga wanda zai dawo ya rasa abin ciyar da iyalinsa, domin ciyarwa wajibi ce, hutu kuwa ba wajibi ba ne. Abin da ya fi kyau shi ne masu hali su ɗauke masa a asirce, ko a rage tsadar tafiyar ta yadda kowa zai iya. Haɗa kuɗi a asusu guda a ci tare ya halatta ko da wani ya fi wani ci, kuma Annabi ya yabi sahabbansa 'yan ƙabilar Ash'ariyawa da cewa idan guzurinsu ya ƙaranta sukan tara abin da ke hannunsu a mayafi guda su raba daidai, har ya ce su nasa ne shi ma nasu ne.

Shi kuwa wanda bai yi Hajji ba, idan kuɗin da zai kashe zai ishe shi sauke farali, ko kashe shi zai jinkirta masa Hajjin, to Hajji ne a gaba, domin da yawa daga cikin malamai suna ganin wajibi ne a gaggauta shi da zarar an sami iko. Idan kasonsa bai kai ko kusa ba, kuma bai taɓa abin da yake tarawa ba, babu laifi ya bi ku.

Kai da aka ɗora wa nauyi, naɗinka ya dace da sunna, domin Abu Dawud ya ruwaito cewa idan mutum uku suka fita tafiya su shugabantar da ɗayansu. Kuɗin da ke hannunka amana ce: ka rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, duk rangwamen da kamfanin tafiye-tafiye ya yi saboda yawanku na jama'a ne ba naka ba, kuma abin da ya ragu a mayar wa kowa gwargwadon abin da ya bayar sai in ya yafe. Idan wani abu ya salwanta ba da sakacinka ba, babu ramuwa a kanka. Kuɗin kafin alƙalami da ba a mayarwa idan an fasa, mafi yawan malaman farko, har da Imamu Malik, sun hana shi, Imamu Ahmad ya halatta, kuma Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta halatta shi a 1993 idan an ƙayyade wa'adi, don haka kana da sarari, amma ka sanar da kowa tun farko wanda zai ɗauki asarar idan wani ya janye. Ita dai wannan majalisa ta haramta inshorar kasuwanci a 1985 ta halatta ta taimakekeniya, sai dai inda aka wajabta inshorar lafiya kafin a ba da biza, kamar ƙasashen Turai na yankin Shengen, babu laifi a kan wanda bai sami ta taimakekeniyar ba. Bizar kanta alkawari ce, bai halatta a yi ƙarya wajen nemanta ko a zarce wa'adinta ba.

Zama a gida guda shi ne inda aka fi yin sakaci, saboda kowa yana ganin ai duk gida ne. Mahaifinku muharrami ne ga matanku, mahaifiyarku ma haka take ga mazan 'ya'yanta mata, amma kai ba muharramin matar ƙaninka ba ne, mazan ƙannenka mata ba muharraman matanku ba ne, haka kuma 'ya'yan kowannenku da suka balaga ba muharraman 'ya'yan sauran 'yan'uwansa ba ne. Da aka tambayi Annabi game da shigar ɗan'uwan miji wurin matar ɗan'uwansa sai ya ce shi ne mutuwa. Don haka gida guda ya halatta ne idan kowane iyali yana da ɗakinsa mai rufuwa, mata suna da wurin da za su sake, babu keɓancewa tsakanin waɗanda ba muharramai ba, kuma an raba wa yaran da suka kai shekara 10 wurin kwana. Idan gidan ba zai ɗauki wannan ba, a kama gidaje biyu ko uku maƙwabtan juna ko da kuɗin ya ƙaru. Wanda yake da mace fiye da ɗaya kuma ba zai tafi da su duka ba, ya yi ƙuri'a a tsakaninsu kamar yadda Annabi yake yi. Malikawa sun ba shi zaɓi a irin wannan tafiya, amma ƙuri'ar ta fi kwantar da zukata.

Batun salla, za ku yi ƙasaru tun daga barin gidajen garinku har ku isa, domin tafiyar ta wuce mil 48, wato kimanin kilomita 80. Malikawa sun karhanta ƙasaru ga mai tafiyar wasa zalla, amma ba na ganin taku ta shiga ciki saboda abin da ke cikinta na biyayya da zumunci. Idan kun yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ko fiye a gari guda, to daga isarku za ku cika salla a wurin Malik da Shafi'i, kuma maza su halarci Juma'a idan masallaci yana kusa. Hanafawa su ne suka kai wa'adin kwana 15. Idan kuwa kuna yawo daga gari zuwa gari ba ku cika kwana huɗu a ko'ina, ƙasarunku yana nan. Ya halatta a haɗa azahar da la'asar, ko magariba da isha'i, kafin a hau jirgi ko bayan an sauka. Asuba ba a haɗa ta da kowace salla, saboda haka idan lokacinta zai fita kuna sama, a yi ta a cikin jirgi, a tsaye ana fuskantar alƙibla ga wanda ya sami dama, a zaune ga wanda bai samu ba. Mahaifanku idan tsayuwa ta yi musu wuya su yi a zaune, kamar yadda Annabi ya umarci Imrana ɗan Husaini, idan kuma ruwa zai cutar da su su yi taimama.

Wallahu a'alam.