Amsa ga mai tambaya kan kazar da ta yi kwanci

Wa alaikumus salam, Yaya Hajiya. Kin ce kazarki ta yi kwanci kwana biyar ke nan, sauran kajin na hawa kanta suna zuba ƙwai, ga zafin garin Gadarif na Sudan.

Ki fara raba ta da su. Da daddare za ki ɗauke ta da ƙwanta zuwa wani akurki a inuwa, don da rana in kika taɓa ta tana iya ƙin komawa. Ki sa wa ƙwan farko alama da gawayi, ki kwashe na baya. Kwana 21 ƙwan kaza ke yi, in wani ya riga wani, za ta tashi da 'yan tsakin farko ta bar sauran su mutu cikin ɓawo. Haka ya faru da ni a garin Mai Wurno na Sudan, na rasa shida, har yau abin na damuna. Ƙwai goma zuwa 12 sun ishe ta.

Zafin nan shi na fi jiye miki. Ki shimfiɗa yashi mai ɗan danshi ƙarƙashin ciyawar, kada iskar bazara ta busar da ƙwan. Ruwa mai sanyi kada ya yanke, da dawa kusa da ita, da toka don ta yi birgima saboda ƙwarƙwata. Sau ɗaya a yini take fita, lafiyarta lau.

A kwana na goma ki haska ƙwan da tocilan cikin duhu. Wanda ba jijiyoyi baragurbi ne, ki fitar da shi.