Dalilin da ya sa na hana ka ɓantarar dutsen nan da guduma

Ɗana, jiya muna shigowa gari ka tambaye ni wai ta yaya maganaɗisu zai faɗi shekarun dutse, kuma me ya sa na yi maka faɗa da ka ɓantaro baƙar jijiyar nan ka jefa a buhu, cunkoson Kofar Nassarawa bai bar ni na ba ka amsa ba, to ga ta.

Ita jijiyar da muke kira daik narkakken dutse ne da ya taso ya cusa kansa cikin tsagar tsohon dutse ya daskare. A cikinta akwai 'yan ƙwayoyin magnetait, wani ma'adinin ƙarfe mai maganaɗisu, idan zafi ya sauko ƙasa da digiri 580 na ma'aunin Salsiyas sai su kama alƙiblar maganaɗisun duniya na wancan zamanin su riƙe gam. Alƙiblar muke nema, ba dutsen ba. Da ka ɗauke shi ba ka zana masa kibiya ba, ba ka rubuta inda ya fuskanta da yadda ya karkata ba, wallahi ka kawo mana tsakuwa ce kawai. Shi ya sa muke huda shi da injin, mu ciro ɗan guntu mai faɗin santimita biyu da rabi, a auna shi yana nan a maƙale kafin a karya. Kuma kar ka yarda da kamfas shi kaɗai, dutsen kansa na jan allurar, ka haɗa da inuwar rana da agogo. Kan tudu ma ka guje shi, inda aradu ta faɗa ta gama lalata komai.

Shekarun kuma ba kai tsaye suke fitowa ba. A leb, wato ɗakin gwaji, ana gasa samfurin mataki-mataki har maganaɗisun da ya shige shi daga baya ya goge, asalin ya bayyana, daga nan a lissafa inda arewar duniya take a lokacin, a gwada da hanyar sauyawar arewar nan a tsawon zamani, wadda aka riga aka zana wa nahiyar daga duwatsun da yuraniyom da dalma suka ba da shekarunsu. Inda ta zauna a kan hanyar, nan ne zamaninta. Ni dai ban taɓa sakin jiki da sakamako ba sai na ɗebi dutsen gefe, wanda zafin jijiyar ya gasa, in alƙiblarsa ta zo ɗaya da ta jijiyar amma na nesa ya bambanta, to hankalina ya kwanta.

Abin da ya sa muke wahalar nan, jijiyoyi ba sa zuwa ɗaya-ɗaya inda ƙasa ke shirin rabewa, jere suke yi ɗaruruwa. Na Makenzi a Kanada sun kai wajen shekara miliyan 1,270. Waɗanda ke Gini da Laberiya da Maroko kuma, sa'anninsu na can Brazil da gabashin Amurka, duk wajen shekara miliyan 200, lokacin da Atlantika ke shirin buɗewa. Kwarin Binuwai namu ma tsaga ce da ta fara lokacin rabuwarmu da Kudancin Amurka, sai ta tsaya ba ta zama teku ba.

Ranar Asabar ka same ni a Gyadi-Gyadi bayan asuba, ka cika jarka biyu da ruwa saboda sanyaya bakin injin, kai za ka zana kibiyoyin ina tsaye a kanka.