Na kira injinmu "newfangled" a takardar neman tallafi: yabo na yi ko kushe?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni da abokaina biyu muna da ɗan kamfani a Gusau, muna haɗa akwatin busar da tumatir da tattasai mai aiki da hasken rana. Mun rubuta wa wata ƙungiyar ƙasar waje takardar neman tallafi da Turanci, a ciki na kira injin namu *our newfangled dryer*. Na ɗauko kalmar ne daga wani mai koyar da Turanci a TikTok. Ya ce masu ilimi ba sa cewa *new*, sai *newfangled*, kuma wai asalinta "sababbin haƙora", kamar na yaron da ya gama famfara. Takardar ta dawo an ja wa kalmar jan layi, an ɗora alamar tambaya. Tun ranar ba ni da sukuni. Zagin kanmu na yi? Kuma ina gaskiyar maganar haƙoran nan? Mako biyu aka ba mu mu gyara.

AMSA: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa. Wanda ya ja layi ya dawo maka da takarda, har ya ba ka wa'adi, bai rufe ƙofa ba. Amma e, kushe injinku ka yi da hannunka. Abin da Bature zai fahimta daga jimlar nan shi ne "wani tarkacen zamani da muka ƙirƙiro, wanda babu tabbas ko ana bukatarsa". Kalma ce ta mai tsaki. A yau an fi jin ta a bakin dattijon da aka miƙa wa sabuwar waya ya rasa inda zai danna, ko a bakin mai kwaikwayon irin wannan dattijo don a yi dariya.

Maganar haƙora kuwa, malamin naka ya bi ta kusa da gaskiya ya wuce bai gan ta ba. Akwai dangantaka tsakanin kalmar da *fang*, fiƙar kare ko ta maciji, amma ba daga fiƙar ta fito ba. Uwarsu ɗaya ce kawai. A tsohon Turanci akwai fi'ilin *fon*, wato kamawa ko cafkewa, kuma abin da aka riga aka kama a ce *fangen*. Ita *fang* ɗin kanta da farko ganima take nufi, abin da aka kamo. Sai a ƙarni na 16 ta koma sunan haƙorin da dabba ke kamu da shi. Jamusanci ya riƙe tsohuwar ma'anar har gobe: *fangen* kamawa ne, gidan yari kuma *Gefängnis*.

Kafin ma a san *fang* da ma'anar haƙori, kalmarmu ta riga ta yi shekaru aru-aru a bakin mutane. Siffarta ta lokacin ita ce *newefangel*. Ɗafin nan na ƙarshe, *-el*, hali yake nunawa, abin da mutum ya saba da shi, irin wanda ya saura a *fickle* da *nimble*. Ita *nimble* ma daga wani fi'ilin ɗauka ta fito. Saboda haka *newefangel* mutum ne, ba kaya ba: mai saurin cafkar duk abin da ya ga sabo.

Dubi yadda Chaucer, mawaƙin Ingila wanda ya rasu a 1400, ya yi aiki da ita a cikin labaransa na matafiya zuwa Kantabure. Wata 'yar sarki mai zoben da ke sa a ji maganar tsuntsaye ta tarar da macen shaho a kan busasshiyar bishiya, ta yi wa kanta jina-jina don baƙin ciki. Masoyinta ya bar ta ya bi shirwa. Tana ba da labari sai ta ce son *newefangelnesse* a jinin maza yake, kamar tsuntsun keji. Ka shimfiɗa masa ciyawa mai laushin siliki, ka ba shi sukari da zuma da burodi da madara dare da rana, ranar da ya ga ƙofa a buɗe zai sa ƙafa ya ture kofinsa, ya nufi daji ya ci tsutsa. Ka ga tun a nan ba yabo ba ne. Rashin godiya ne da rashin riƙon alkawari.

Wajen ƙarshen ƙarni na 15 aka manna mata *-ed*. Wannan 'yar wutsiya ce ta juya akalar kalmar, domin kunnen mai jin Turanci ya saba duk abin da ya ƙare haka, aikata shi aka yi. Sai mutane suka ɗauka akwai wani fi'ili *fangle* mai nufin ƙerawa, alhali babu shi. Daga baya ne suka ƙago shi don cike gurbin. Cikin ƙarni na 16 ma'anar ta fara zamewa daga mai son sabon abu zuwa shi sabon abin. An daɗe ana amfani da su biyun tare. A littafin addu'o'in Cocin Ingila na 1549, lokacin da rikicin sauya tsarin ibada ke ci, an koka da ɓangarori biyu: waɗanda suka ƙanƙame tsofaffin al'adu, da waɗanda suke *newe fangle* har suna son sabunta komai. Bahaushe zai ji ƙanshin kalmar "bidi'a" a nan, kuma bai yi nisa da gaskiya ba. Shakespeare ma duka biyun ya yi. A wani wasansa na wajen 1599 wata budurwa ta gargaɗi saurayinta cewa in an yi aure za ta fi biri zama *new-fangled*, wato ɗokin sabon abu. A wata waƙarsa da aka buga a 1609 kuma tufafi ya kira haka, kayan yayi marasa fasali. Ma'anar mutum ta mutu a hankali, ta kaya ta rayu, amma tsakin da ke cikin kalmar ya biyo ta bai faɗi a hanya ba.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, domin kai ba kai kaɗai ba ne. Kullum sai na ci karo da wannan cuta a takardun ɗalibai, da wasiƙun neman aiki, da jawaban taro: imanin cewa kowace ƙaramar kalmar Turanci tana da babbar yaya mai ma'ana iri ɗaya, kuma ilimi shi ne ka ajiye ƙaramar ka ɗauko babbar. Ƙarya ce. Masu bidiyon "daina cewa kaza, ka ce kaza" da ita suke cin abinci. Mutum ya buɗe littafin kalmomi masu makusanciyar ma'ana, ya kwafo jeri, ya tsaya gaban kyamara da kwat, shi ke nan ya zama farfesa. Bai taɓa karanta kalmar a cikin jimlar wani marubuci ba, bai san wa ke faɗinta ba, ga wa, da wace fuska.

Tushen abin ma tun daga makaranta yake. Shekara da shekaru muna horar da yara su amsa tambayar WAEC da JAMB ta "zaɓi kalmar da ta fi kusa a ma'ana". Tambayar ba ta yi laifi ba, ta ce "kusa". Mu ne muka koya wa yaro cewa kusa da daidai duk ɗaya ne, ya fita da wannan ya shiga duniya.

Gwada da harshenka ka gani. Rasu, mutu, cika, riga mu gidan gaskiya, sheƙa barzahu. A jerin malamin TikTok duk layi ɗaya za su zauna, kuma ta ƙarshen ce za ta fi burge shi don ta fi armashi a baki. To je ka gidan makoki, ka durƙusa gaban 'ya'yan mamaci ka ce ka ji labarin Baba ya sheƙa barzahu. Ma'ana dai ba ka kuskure ba. Ka ga ko za ka fita da hularka a kanka.

Haka Turanci yake, sai dai mu ba ma jin zafin kalmar a jikinmu don ba da ita aka yi mana reno ba. Shi ya sa za ka ji mai gabatarwa a taro ya kira babban baƙo *notorious scholar* yana washe baki, yana nufin shahararre, alhali ya sa shi a layin 'yan fashi. Za ka ga an yabi shugaban ma'aikata da *cunning* ana nufin hazaƙa, an kira shi makiri. Wani ya rubuta cewa farashin kayansa *cheap* ne a inda ya kamata ya nuna sauƙi, mai karatu ya fahimci kayan banza. A zauren taro a yi dariya a wuce. A takardar neman aiki ko ta neman gurbin karatu babu mai dariya, babu ma mai gaya maka. A ajiye ta gefe kawai, kai kuma ka yi ta zargin ba ka da uwa a gindin murhu. Kai ka yi sa'a da aka ja maka layi.

Abin haushin shi ne maganin yana cikin aljihun kowa. Ƙamusun Oxford na masu koyo, wanda kusan kowane ɗan sakandare a Najeriya ya taɓa riƙewa, kafin ya ba ka ma'anar *newfangled* sai da ya rubuta *disapproving* a gabanta da ƙananan haruffa, wato kalmar nuna rashin yarda. Waɗannan ƙananan haruffa su ne ba a karantawa. Ana tsallake su a tafi ga ma'ana, a tsallake misalan jimla, a rufe. Su kuma masu ƙagen asalin kalma sun ƙara dagula ruwan, don labari mai daɗi ya fi saurin yaɗuwa. Su ne masu cewa *news* daga haruffan farko na arewa, gabas, yamma da kudu aka haɗa ta a Turanci. Jam'in *new* ce kawai, "sababbin abubuwa", kuma ta girmi jarida nesa ba kusa ba. Duk wanda ya ba ka asalin kalma, tambaye shi a wane rubutu aka fara ganin ta, a wane ƙarni, da wace siffa. In ya fara kame-kame, ka san hasashe ne.

A takardarka, goge kalmar ka sa *new*. Ba ta da aibu, kuma babu mai raina ka don ka yi amfani da ita. In akwai irin injin a kasuwa ku kuka kyautata shi, *improved* ta fi gaskiya. *Innovative* ba zagi ba ce, amma masu karanta takardun tallafi sun gan ta har ta gundure su. Abin da zai riƙe idonsu shi ne lissafi: kwando nawa injin ke ɗauka, kwana nawa yake busarwa idan aka gwada da shanya a ƙasa, nawa manomi zai biya, asarar nawa zai tsira daga gare ta a lokacin da tumatir ya yi kwantai. Ba sai ka rubuta wasiƙar ban haƙuri ba, gyaran ya isa.

Sannan ka bi takardar layi-layi kafin wa'adin ya cika, ka tsamo duk sauran kalmomin da ka kwaso daga wurin malamin nan, ka duba kowace a ƙamus har da ƙananan haruffan. Ina da yaƙinin ba wannan kaɗai ya sayar maka ba.